Wane Irin Dillali Ne Ke Cin Kashi 85?

Baffana dillalin dabbobi ne, kuma tun ina yaro nake bin sa kasuwa ina riƙe masa igiya. Abin da na gani da idona shi ne, mai sa ya kawo sansa, mai saye ya taya, dillali ya shiga tsakani har a sallama, sannan a cire masa la'adarsa, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin dabbar. Mai dabba ne ke komawa gida da kuɗi a aljihu. Da wani dillali zai ce shi zai riƙe kashi 85 cikin 100 ya miƙa wa mai sa 15, da kafin la'asar magana ta kai gaban sarkin kasuwa, kuma da wuya ya sake riƙe igiyar wani a garin.

To, ni yau sana'ata zane a kwamfuta, kuma irin wannan dillalin da ba zai kai la'asar a kasuwar baffana ba shi ne ake ta yi wa ƙannenmu tallarsa. Kullum sai ka ji wani ya tara matasa yana cewa: ku koyi zane, ku ɗora a manyan kamfanonin sayar da hotuna na Turai da Amurka, ku kwanta barci dalar Amurka tana shigo muku. Har kuɗin koyarwa ake karɓa a kan haka. Ni na bi wannan hanya shekaru, na san ƙurarta, shi ya sa nake cewa duk mai zanen da ya ɗauki aikinsa da daraja ya buɗe shagonsa na kansa a intanet, ya daina kai mafi kyawun hajarsa rumfar wasu.

Bari in fara da bayyana hajar, domin ba kowa ya san ta ba. Hoton da waya ke ɗauka tarin ɗigo-ɗigo ne, in ka faɗaɗa shi sai ya dishe ya farfashe. Zanen da muke kira bekta kuwa da layuka da lanƙwasa ake gina shi, kwamfuta tana riƙe da lissafinsu, saboda haka zane ɗaya zai hau katin ɗaurin aure, ya kuma hau allon talla na bakin titi ba tare da ya ɓaci ba. Ana yin sa da Illustrator, ko CorelDRAW wanda ya fi yawa a shagunan ɗab'inmu, ko Inkscape wanda kyauta ne. Tambari, adon gefen kati, taswira, zanen atamfa, duk bekta ne. Mai zane yakan yi aiki sau ɗaya ya ajiye, masu buƙata su riƙa biya suna saukewa. Ba zanen ake sayar musu ba kacokan, izinin amfani da shi ake ba su, wato lasisi. Wannan ita ce kasuwar, kuma halastacciyar kasuwa ce mai kyau. Rigimata da dillalanta ce.

A shekarar 2000 wani ɗan Kanada, Bruce Livingstone, ya kafa iStockphoto a garin Calgary, inda kowa ke iya ɗora aikinsa a sayar da shi da arha. A 2003 Jon Oringer ya buɗe Shutterstock a New York da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa, ya kuma kawo tsarin biyan kuɗin wata: ka biya sau ɗaya, ka yi ta saukewa. A 2006 Getty Images ya saye iStockphoto a kan dalar Amurka miliyan 50. A ƙarshen 2014 Adobe ya sanar da sayen Fotolia a kan miliyan 800, ya mayar da hajarsa Adobe Stock, sunan Fotolia kuma ya ɓace a 2019. A watan Janairun 2025 Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa su zama kamfani guda. Mai karatu ya lura da inda aka dosa: masu kawo kaya suna ƙaruwa, dillalai suna raguwa suna ƙara ƙiba. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san wanda ke yanka farashi in haka ta faru.

Ga yadda ake rabon. Adobe Stock yana ba mai zane kashi 33 cikin 100. A iStock, wanda bai yi alƙawarin sayarwa a wurinsu kaɗai ba yana samun kashi 15 a hoto, 20 a zane. Shutterstock kuwa, kafin 2020 yana biyan santi 25 zuwa 38 a kan kowace saukewa ta masu biyan wata. A watan Yunin 2020, duniya tana tsakiyar annobar korona, sai ya sauya tsari: matakai shida, daga kashi 15 zuwa 40, mafi ƙarancin biya kuma santi 10. Kafin ka taka matakin kashi 40 sai an sauke aikinka fiye da sau 25,000 cikin shekara guda. Abin da ya fi ciwo, kowace ranar 1 ga Janairu ana share lissafin, wanda ya shekara goma yana kawo kaya da wanda ya zo jiya duk su koma kashi 15 su sake hawa. Masu zane da masu ɗaukar hoto a ƙasashe da dama sun yi kuka, wasu suka rufe rumbunansu, amma tsarin bai janye ba. Babu wanda aka nemi shawararsa, saƙo kawai aka aiko.

Mu juya santi 10 zuwa kuɗinmu. Gwargwadon canji, yana kaiwa sefa 55 zuwa 65, wato dala goma sha biyu da ƴan kai a lissafinmu na nan gida. Kuma da wannan saukewa guda, lasisin da aka saba bayarwa a manyan kamfanonin nan ya yarje wa mai saye ya buga zanen har kwafi 500,000. Kamfani zai iya ɗora zanenka a takardar talla rabin miliyan, kai kuma abin da ya shigo hannunka ba zai saya maka shayi da burodi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani yanka da masu koyar da "samun dala kana barci" ba sa faɗa. Dokar harajin Amurka ta ce a cire kashi 30 cikin 100 daga irin wannan kuɗi in mai sayen a Amurka yake, sai dai in ƙasarka tana da yarjejeniyar haraji da su. A Afirka ƙasashe huɗu ne ke da ita: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Nijar babu, Najeriya babu, haka Ghana da Kamaru da Chadi. Saboda haka santi 10 ɗin nan ma, in Ba'amurke ne ya saya, bakwai za ka gani. Bayan haka sai ka jira kuɗin su taru su kai adadin da aka ƙayyade kafin a tura maka, sannan masu turo kuɗin su ci nasu, masu canji su ci nasu.

Za a ce ba kowace saukewa ce santi 10 ba. Gaskiya ne. Wata rana akan dace da mai sayen babban lasisi, dala da dama su faɗo lokaci guda, ni ma na taɓa gani. Amma ba da irin wannan ake cika tukunya ba, domin ba kai ke yanke ranar da za ta zo ba, ba kuma kai ke yanke farashinta ba.

Abin da ya juya mini tunani wani ƙaramin al'amari ne. Na taɓa kwashe makonni ina bin unguwar Birni a Damagaram ina kallon adon da magina suka yi a fuskar gidaje, ina zanawa a takarda, in koma shago in sake gina su layi-layi a kwamfuta. Na haɗa su da dagi da zanen ƙwarya na yi jeri guda, na ɗora a ɗaya daga cikin kamfanonin. Da farko ma sai da na sauya musu suna, domin in na rubuta "dagi" babu wanda zai nemo shi, dole in kira shi da Turanci adon ƙabilun Afirka, a jefa shi kwando ɗaya da zanen Masai da na Zulu. Bayan wasu watanni na shiga shagon wani abokin sana'a a Maraɗi, sai ga zanena a gefen kalandar biki tana fitowa daga inji. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce wani ɗan'uwansa da ke waje ne ya saukar masa. Na ce nawa ne. Dariya ya yi, ya ɗauka wasa nake, sai da na buɗe masa asalin aikin a wayata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai da na san kai ne, da jika biyar zan ba ka, ka ƙara mini da kalar da nake so."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Tsakanina da mutumin nan tafiyar ƴan sa'o'i ce a mota. Amma sai da zanena ya tsallaka teku ya dawo kafin ya same shi, ni na sami abin da bai kai sefa 200 ba, shi kuma bai san ina duniya ba. Dillalin baffana aikinsa ya haɗa mai kaya da mai saye su gaisa. Wannan dillalin ribarsa tana cikin raba su. Ba za a taɓa gaya maka sunan wanda ya sayi aikinka ba, balle ka tambaye shi me kuma yake buƙata.

Sannan ga sabon babi. A 2023 Adobe ya fito da Firefly, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yin hoto da zane, wadda aka horar da hotunan Adobe Stock. A shekarar nan dai Shutterstock ya ƙulla yarjejeniyar shekara shida da OpenAI ta ba da hajarsa don horar da irin waɗannan manhajoji. Kamfanonin biyu sun ware wani abu suna raba wa masu aikin, ban musa ba, amma su suka yanke nawa ne, su suka yanke yaushe. Ma'ana, zanen da ka kai rumfa don a sayar maka, da shi ake koya wa inji yadda zai yi irinsa cikin daƙiƙa. A gefe guda kuma ga Freepik da Canva da Pixabay sun saba wa duniya da samun zane kyauta ko kusan kyauta. Wanda har yanzu yake zana kofin shayi da alamar waya da furanni yana ɗorawa cikin ɗaruruwan miliyoyin irinsu, yana fafatawa ne da inji da kuma kyauta a lokaci guda. Ba zai ci ba.

To mene ne shagon kanka zai ba ka? Abu uku.

Na farko farashi. Kai za ka yanka. Mu yi lissafi mai sauƙi: don ka haɗa jika 50 a kan sefa 60 kowace saukewa, sai an sauke aikinka fiye da sau 800. A shafinka, in ka haɗa jerin zane ka sa masa jika biyar, mutum goma sun ishe ka. Neman mutum goma aiki ne, amma aikin da ɗan Adam zai iya yi da ƙafarsa da bakinsa ne. Saukewa 800 kuwa tana hannun na'urar bincike da ba ka san yadda take jera kaya ba, wadda za a iya sauya ta da daddare ka wayi gari kayanka sun koma shafi na arba'in.

Na biyu mai saye. Wanda ya sayi adon katin aure a wurinka yau, gobe shi zai dawo neman na suna, jibi ya ce ka yi masa tambarin shago. Kuɗin gaske a sana'ar nan yana cikin aikin da ake ba ka kai tsaye, jerin zanen da ka ajiye kuwa shi ke jawo shi.

Na uku suna da sharaɗi. A shafinka dagi dagi ne, aska takwas aska takwas ce, kuma kai ke rubuta lasisi da harshen da masu sayenka ke ji: wannan farashin na kati da kalanda ne, mai son bugawa a atamfa ko kwalin kaya ya zo mu yi wata magana.

Na san abin da za a mayar mini, domin ni ma na faɗa wa kaina.

Za a ce: wa zai zo shafinka? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Manyan kamfanoni suna da masu saye miliyoyi, sabon shafi kuwa kamar rumfa ce a tsakiyar daji. A 2013 wasu masu zane a Turai da Amurka sun gwada haɗa shafukansu masu zaman kansu ƙarƙashin wani shiri mai suna Symbiostock, kuma bai girgiza manyan ba. Amma a duba abin da suke sayarwa: irin hajar da ke cike a rumbun manyan, ga masu sayen da ba su san su ba. Mu lamarinmu daban ne. Masu sayenmu suna da adireshi. Masu shagon ɗab'i ne a Yamai da Maraɗi da Kano da Kumasi da Garwa da Njamena, masu buga littattafan makaranta, ƙungiyoyin da ke yin allunan faɗakarwa kan lafiya da noma, masu ɗinkin kwamfuta, masu shirya biki. Abin da suke nema kuwa babu mai kyansa a can: mace da lulluɓi irin namu tana daka, ɗan kokowa da layunsa, raƙuman dawa na Kure, hasumiyar masallacin Agadas, zanen lalle, rubutun ado da ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa ba tare da ƙugiyar ta karye ba. Ba Google zai kawo maka waɗannan mutane ba da farko. Kai za ka je, ka nuna a waya, ka tura a WhatsApp da Facebook, shafin kuma ya zama inda ake ganin kaya duka a biya a sauke.

Za a ce: ta yaya za a biya ka? Ga masu saye na kusa, wannan matsala ta riga ta mutu. Muna tura kuɗi kullum ta Airtel Money da Moov Money, ta Nita da Amana, a Ghana da Kamaru ga MTN MoMo, a Najeriya da Ghana ga Paystack da ake haɗawa da shafi kai tsaye. Ko da hannu ma ana yi: ya turo kuɗi, ka tura masa hanyar saukewa. Karɓar kuɗi daga Turai ya fi wuya a ƙasashenmu na sefa, na yarda, amma wanda bai gama da kasuwar ƙofar gidansa ba me ya kai shi kukan ta Faransa?

Za a ce: za a sace maka. Za a sace, babu shakka. Wani zai saya ya raba wa abokansa goma. Amma a rumbun manyan ma ana sata, har a sake ɗora aikinka da sunan wani. Bambancin shi ne a gida ka san ɓarawon, kana iya kiran sa, kuma a sana'ar da kowa ya san kowa kunya tana aiki. Ka sa tambarinka a kan samfurin da ake gani, ka ajiye asalin aikinka da kwanan wata. Doka ma tana bayanka, domin haƙƙin mai zane yana tabbata ne tun ranar da ya yi aikin.

Za a ce: tsada da wahala. Sunan shafi yana cin kimanin dalar Amurka 10 zuwa 20 a shekara, sai hayar masaukinsa. WordPress kyauta ne, haka WooCommerce da ake ɗora masa ya zama shago. Wanda ya iya lanƙwasa layi a CorelDRAW har ya fitar da fuskar mutum ba zai kasa koyon wannan cikin mako biyu ba. Wahalar gaske ita ce amsa saƙonni, da gyara wa wanda fayil ya ƙi buɗe masa, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Wannan kuwa ita ce wahalar kowane mai shago, kuma ita ce kuɗin zama mai gidan kanka.

In kuma mutum ɗaya ya ga abin ya fi ƙarfinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bruce Livingstone ɗin nan da ya kafa iStockphoto ya sayar, shi ne a 2013 ya dawo ya haɗu da wasu suka kafa Stocksy, wadda masu aikin ne da kansu suka mallake ta, suna karɓar kashi 50 a lasisi na yau da kullum, 75 a babba. Wanda ya gina rumfar farko da hannunsa ya ga inda ta karkata. Me zai hana masu zane biyar ko goma, daga Damagaram zuwa Zangon Kumasi, su haɗa shafi guda, su raba kuɗin haya, kowa da rumbunsa? Mun iya adashi, mun iya gayya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ban ce kowa ya je ya goge asusunsa yau ba. Muddin ba ka sa hannu a yarjejeniyar sayarwa wuri ɗaya kaɗai ba, kana da damar sayar da aikinka a can da nan. Ni kaina na bar musu tarkacen da kowa ke iya yi, abin da ya faɗo na karɓa. Amma aikin da na zuba wa ido da ƙafa, wanda na san babu mai shi sai ni, ba ya sake fita ƙofata sai da farashina. Kuma kada a karɓi alƙawarin ƙarin kaso a ɗaure kai da kamfani guda, domin wanda ya sauya sharaɗi sau ɗaya ba tare da ya tambaye ka ba zai sake.

Ga masu tara ƙannenmu suna karɓar kuɗinsu da sunan koya musu samun dala, roƙona ɗaya ne: ku riƙa faɗin lissafin duka. Ku faɗi kashi 15, ku faɗi santi 10, ku faɗi ranar 1 ga Janairu, ku faɗi kashi 30 na haraji. In yaro ya ji duk wannan ya ce ya yarda, ruwansa. Amma a ɓoye masa a bar shi ya ƙone kuɗin data da man janareto wata shida yana ɗora aikin da ba zai mayar masa da ko rabinsu ba, wannan cuta ce.

Kai kuma ƙanena mai zane, shagonka zai fara da shiru. Wata na farko wataƙila mutum biyu ne za su saya, ɗayan ma abokinka ne. Kada ka karaya, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abokin nan nawa na Maraɗi shi ne ya fara saye a shafina, jika biyar ɗin da ya faɗa kuwa ya cika ta, na kuma sauya masa kalar. Har yau duk lokacin bukukuwa bayan sallah sai ya kira ya tambaya ko akwai sabo.